Clair Patterson: masanin da ya ƙidaya shekarun duniya, ya kuma yaƙi gubar dalma a man fetur

A shekarar 1953, wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Amurka da bai wuce shekaru 31 da haihuwa ba ya auna ƴar dalmar da ya tace daga wani dutse da ya faɗo daga sama. Daga wannan awo ya lissafa cewa duniya ta kai shekaru miliyar 4 da rabi, wato miliyan dubu 4 da 500. Fiye da shekaru 70 ke nan, kuma adadin da ya bayar bai sauya ba sai ɗan kaɗan. Hanyar da ya bi tana cikin hanyoyin da aka yi amfani da su wajen gano shekarun duwatsun da ƴan sama jannati suka ɗebo daga duniyar wata.

Sunansa Clair Cameron Patterson. Ba a ba shi kyautar Nobel ba, kuma mutane da yawa ba su taɓa jin sunansa ba. Amma duk mai mota ko ɗan kabu-kabun da ya sha man fetur a yau yana cin moriyar aikinsa, domin yana cikin mutanen da suka tsaya tsayin daka har aka daina zuba dalma a cikin mai. Aikin auna shekarun duniya ne ya kai shi ga gano wannan guba, ba tare da ya fita nemanta ba.

Daga ƙauyen Iowa zuwa aikin bam

An haifi Patterson ranar 2 ga watan Yuni na 1922 a Mitchellville, wani ƙaramin gari na manoma a jihar Iowa. Mahaifinsa mai raba wasiƙu ne, mahaifiyarsa kuma tana cikin kwamitin kula da makarantar garin. Tun yana yaro yake sha'awar haɗa sinadarai a gida. Ya kammala karatun kimiyyar sinadarai a kwalejin Grinnell a 1943, kuma a can ya haɗu da Lorna McCleary, wadda ake kira Laurie, ita ma ɗalibar wannan fanni, wadda ya aura. Ya sami digiri na biyu a Jami'ar Iowa a 1944.

Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Aka ɗauke shi da matarsa aiki a shirin sirri na ƙera bam ɗin nukiliya, da farko a birnin Shikago, daga baya a Oak Ridge da ke jihar Tennessee, inda ake tace yuraniyom. A nan ya fara sanin na'urar da za ta zama abokiyar aikinsa har ƙarshen rayuwarsa. Na'urar tana rarrabe ƙwayoyin zarra gwargwadon nauyinsu: ana cilla su ta gaban maganaɗisu mai ƙarfi, marasa nauyi su fi lanƙwasa, masu nauyi su bi tasu hanyar, sannan a ƙidaya kowane kashi daban.

Yuraniyom ɗin da aka tace a Oak Ridge ne aka yi amfani da shi a bam ɗin da aka jefa a Hiroshima a watan Agusta na 1945. Wannan ya tsaya wa Patterson a rai. A shekarunsa na baya ya riƙa bayyana aikin a matsayin babban laifin da kimiyya ta aikata, kuma bai cire kansa daga cikin masu laifin ba.

Agogon da ke cikin dutse

Bayan yaƙi ya koma Jami'ar Shikago neman digirin digirgir, matarsa tana aiki a ɗakin bincike tana ɗaukar nauyin gida. Malaminsa Harrison Brown ya ba shi aikin da masana suka daɗe suna fama da shi.

Kafin wannan lokaci an yi ta hasashe kan shekarun duniya. A ƙarshen ƙarni na 19, masanin Ingila Lord Kelvin ya lissafa tsawon lokacin da narkakkiyar duniya za ta ɗauka kafin ta huce, ya tsaya a kan shekaru miliyan 20 zuwa 40. Gano cewa wasu ƙarafa suna ruɓewa da kansu ne ya rushe wannan lissafi. A 1907 Bertram Boltwood ya nuna cewa yuraniyom yana ƙarewa ne a matsayin dalma, sannan Arthur Holmes ya shafe shekaru yana gyara hanyar awon. Zuwa ƙarshen shekarun 1940, ƙiyasin da aka fi yarda da shi yana wajen shekaru miliyar 3 da miliyan 300.

Yadda agogon yake aiki ba shi da wuyar ganewa. Yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit tun 1971, yana da manyan nau'i biyu. Mai lamba 238 yana rikiɗewa sannu a hankali ya zama dalma mai lamba 206, kuma sai an yi shekaru miliyar 4 da miliyan 470 kafin rabinsa ya rikiɗe. Mai lamba 235 ya fi shi sauri: rabinsa yana zama dalma mai lamba 207 cikin shekaru miliyan 704. Zafi ko sanyi ko nauyin ƙasa ba sa sauya wannan tafiya. Akwai kuma dalma mai lamba 204, wadda ba ta fito daga ruɓewar yuraniyom ba, tana nan yadda take tun farko, don haka da ita ake gwada sauran. Idan aka san yawan kowane nau'i a cikin dutse, ana iya lissafa tsawon lokacin da agogon ya yi yana tafiya.

Matsalar ita ce duniya ba ta ajiye duwatsunta na farko ba. Aman wuta ya narkar da wasu, ruwa da iska sun zaizaye wasu, wasu kuma sun nutse cikin ƙasa sun sake narkewa. Brown ya yi tunanin cewa duwatsun da ke faɗowa daga sama ragowar kayan da aka gina rana da duniyoyinta da su ne, kuma ba abin da ya taɓa su tun lokacin. Idan aka auna dalmar da ke cikinsu, za a san irin dalmar da duniya ta fara da ita. Ya gaya wa ɗalibin nasa cewa aikin mai sauƙi ne. Sai da ya ci masa shekaru.

Dalma a ko'ina

Kafin a taɓa dutsen sama, sai an gwada hanyar a kan abin da aka riga aka san shekarunsa. Patterson da abokin karatunsa George Tilton suka ɗauki zirkon, wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli da ake samu cikin duwatsu. Lokacin da zirkon ke daskarewa yana karɓar yuraniyom amma ba ya karɓar dalma, saboda haka kusan duk dalmar da aka samu a cikinsa daga baya ta taru. Tilton yana auna yuraniyom, Patterson yana auna dalma.

Lissafin Tilton yana fitowa daidai, na Patterson kuwa kullum dalmar ta yi yawa fiye da ƙima. Da ya bi diddigi, sai ya ga dalmar da yake aunawa ba ta dutsen ba ce kawai. Akwai ta a ruwan famfo da kwalaben gwaji da fentin bango da ƙurar da ke yawo a ɗakin. Akwai ta a tufafinsa da gashin kansa da fatar hannunsa. Dalmar da ke cikin zirkon ƴar mitsitsiya ce, wadda ke shigowa daga waje tana rinjayarta.

Ya sami digirinsa a 1951, kuma a 1952 ya bi Brown zuwa cibiyar fasaha ta Caltech da ke Pasadena a jihar Kalifoniya. A can ya gina ɗakin gwajin da ya zama abin koyi. An cire bututun dalma, aka sa matatar iska, aka riƙa tura iskar ɗakin waje don kada ƙura ta shigo. Ya riƙa tace ruwa da sinadaran da yake aiki da su da kansa, yana wanke kayan aiki da asid. Duk mai shiga sai ya sauya tufafi. Wasu abokan aikinsa sun ɗauka abin ya yi yawa, amma da wannan tsabta ce ya sami awon da za a iya dogara da shi.

Dutsen Canyon Diablo

Kimanin shekaru dubu 50 da suka wuce, wani ƙaton dutsen ƙarfe ya faɗo a hamadar Arizona, ya bar rami mai faɗin fiye da kilomita ɗaya. Gutsattsarinsa ake kira Canyon Diablo. A cikinsu akwai wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta wanda ke da dalma amma kusan ba shi da yuraniyom. Ma'ana dalmarsa ba ta sami ƙari ba tun ranar da dutsen ya daskare.

A 1953 Patterson ya tace wannan dalma, ya kai ta cibiyar bincike ta Argonne kusa da Shikago, inda akwai sabuwar na'urar awo. Adadin da ya fito ya kai shi ga shekaru miliyar 4 da rabi. An ruwaito cewa daga nan ya tuƙa mota zuwa gidan iyayensa a Iowa, zumuɗi ya sa ƙirjinsa yana bugawa har ya nemi mahaifiyarsa ta kai shi asibiti, yana zaton ciwon zuciya ne. Likitoci ba su sami komai ba.

Ya sanar da sakamakon a wani taron masana a wannan shekara, amma bai tsaya nan ba. A 1956 ya wallafa cikakken aikin. Ya haɗa awon duwatsun sama guda biyar, biyu na ƙarfe, uku na dutse zalla masu yuraniyom daban-daban. Da aka jera alƙaluman dalmarsu a kan takardar zane, sai duka biyar suka hau layi ɗaya miƙaƙƙe, alamar cewa lokaci ɗaya suka samu. Karkatar layin ita ce ke ba da shekarun. Sannan ya auna laka daga ƙasan teku, wadda koguna suka kwaso daga sassan duniya daban-daban suka gauraya. Ita ma ta hau wannan layi. Da haka ya tabbatar da cewa duniya da duwatsun sama sa'o'in juna ne: shekaru miliyar 4 da miliyan 550, da yiwuwar kuskuren miliyan 70 sama ko ƙasa.

Binciken da aka yi bayansa ya ƙarfafa wannan adadi. Ƙwayoyin zirkon mafi tsufa da aka samu a yammacin Ostireliya sun kai shekaru miliyar 4 da miliyan 400, kuma abubuwa mafi tsufa da aka auna cikin duwatsun sama sun kai miliyar 4 da miliyan 567.

Da duwatsun wata suka iso

A watan Yuli na 1969 kumbon Apollo 11 ya dawo da duwatsu da ƙasar wata kimanin kilo 21 da rabi. Zuwa 1972, tafiye-tafiye shida sun kawo kilo 382. Kumbunan Tarayyar Sobiyet marasa matuƙi guda uku su ma sun kawo kimanin giram 300. Tambayar farko da kowa ke jira ita ce shekarun waɗannan duwatsu.

Duwatsun wata suna da ƙarancin dalma ƙwarai. Ƴar ƙura ɗaya daga titi ko daga hannun mai awo ta isa ta ɓata lissafi. Ɗakin gwaji irin wanda Patterson ya fara ginawa ya zama dole ga duk mai son auna su. A wannan lokaci hankalinsa ya riga ya koma kan gubar dalma, amma mutanen da suka yi aiki kusa da shi suna kan gaba. Mitsunobu Tatsumoto, masani ɗan Japan da ya yi aiki tare da shi a Caltech kafin ya koma hukumar binciken ƙasa ta Amurka a Denver, ya auna yuraniyom da dalmar duwatsun Apollo. Leon Silver ya yi irin wannan aiki a Caltech. A cibiyar dai, Gerald Wasserburg da ƴan tawagarsa sun yi amfani da wani agogon daban, na rubidiyom da ke rikiɗewa ya zama sitirontiyom. Wasu kuma sun bi ta fotasiyom da ke zama iskar argon. Idan agogo biyu ko uku da ba su da alaƙa da juna suka ba da shekaru ɗaya, masana sukan natsu da sakamakon.

Abin da aka gano ya sauya fahimtar wata. Baƙaƙen tabon da ake hange a fuskarsa idan ya cika filaye ne na narkakken dutse da ya malala ya daskare. Waɗanda Apollo 11 ya ɗebo suna da shekaru tsakanin miliyar 3 da miliyan 600 zuwa miliyar 3 da miliyan 900. Farar ƙasar tsaunuka ta fi tsufa, wasu duwatsunta sun haura miliyar 4 da miliyan 300, sun girmi duk wani dutse da aka samu a doron ƙasa. A 1974 Wasserburg da Fouad Tera da Dimitri Papanastassiou suka lura cewa duwatsu da yawa sun sake narkewa wajen shekaru miliyar 3 da miliyan 900 da suka wuce, suka kawo ra'ayin cewa an yi ruwan manyan duwatsu a kan wata a wannan zamani. Har yanzu masana suna muhawara a kan wannan ra'ayi.

Waɗannan alƙaluma suna da wani amfani. Da aka san shekarun wuraren da aka sauka, aka kuma ƙidaya ramukan da duwatsun sama suka bari a kansu, sai aka sami ma'aunin da ake ƙiyasta shekarun wuraren da ba a taɓa zuwa ba, har da na duniyar Mars. A watan Disamba na 2020 kumbon ƙasar Sin mai suna Chang'e 5 ya kawo giram 1,731 daga wani sabon wuri. Awon nau'o'in dalma, hanyar da Patterson ya bi, ya nuna cewa dutsen yana da shekaru kusan miliyar 2, wato wata ya ci gaba da aman wuta har bayan lokacin da duwatsun Apollo suka nuna.

Daga ina dalmar take fitowa?

Tambayar da ta hana Patterson sakat ita ce asalin dalmar da ta addabe shi a ɗakin gwaji. Ya koma teku. Shi da Tsaihwa Chow suka auna yawan dalmar da ta kwanta a lakar ƙasan teku cikin dubban shekaru, suka ga wadda ke shiga teku a zamaninsu ta ninka ta sau da yawa. A 1963 shi da Tatsumoto suka nuna cewa ruwan saman teku ya fi na can ƙasa dalma nesa ba kusa ba. Ruwan sama da na ƙasan teku suna ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin su gauraya, don haka dalmar sabuwa ce, kuma daga iska take sauka. Suka ɗora alhakin a kan hayaƙin motoci.

A watan Disamba na 1921 injiniya Thomas Midgley na kamfanin General Motors ya gano cewa ɗan sinadarin dalma a cikin man fetur yana hana inji ƙwanƙwasa. An fara sayar da irin wannan mai a 1923 da sunan Ethyl, ba tare da ambaton dalma ba. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Bayway da ke jihar New Jersey bayan sun haukace, wasu da dama suka kwanta asibiti. An dakatar da sayarwa na ɗan lokaci, aka dawo da ita a 1926.

Kusan shekaru 40 bayan haka, maganar likita Robert Kehoe ta jami'ar Cincinnati ce ake bi, kuma kamfanonin da ke yin sinadarin ne ke ɗaukar nauyin ɗakin bincikensa. Matsayinsa shi ne dalma wani abu ne da jikin mutum ya saba da shi tun asali, kuma ba ta cutarwa sai ta haura wani mizani a cikin jini. A 1965 Patterson ya wallafa maƙalar da ta ƙalubalanci wannan. Ya ce an ɗauki abin da ya zama ruwan dare a matsayin abin da yake na asali, alhali ba ɗaya ba ne. A lissafinsa, jikin Ba'amurke na wannan zamani yana ɗauke da dalma ninki 100 na abin da ya kamata. Ya kuma nuna cewa awon da ake dogara da shi ya gurɓata, domin ɗakunan gwajin kansu cike suke da dalma.

Shaidar ƙanƙara

Don ya kawo hujjar da ba za a musa ba, ya nemi wurin da iskar zamanin da ta bar alama. A tsibirin Girinlan da nahiyar Antatika dusar ƙanƙara tana sauka kowace shekara ta danne ta bara, ba ta narkewa. Wanda ya haƙa ƙasa yana komawa baya ne cikin tarihi. A tsakiyar shekarun 1960 Patterson ya je wuraren biyu. Shi da mataimakansa suka yanko manyan tubalan ƙanƙara cikin tsananin sanyi, sanye da rigunan leda da aka wanke da asid, suka narkar da su suka kawo ruwan Kalifoniya.

Sakamakon da ya wallafa a 1969 tare da Masayo Murozumi da Chow ya nuna cewa dalmar ƙanƙarar Girinlan ta ninka fiye da sau 200 idan aka kwatanta da ta shekaru 800 kafin haihuwar Annabi Isa. Ta fara hauhawa da bunƙasar masana'antu a Turai, sannan ta yi tashin gwauron zabi bayan 1940, lokacin da motoci suka yawaita. Wani binciken da ya sa hannu a ciki a 1994 ya gano har da alamar hayaƙin maƙeran Girka da Rum na shekaru dubu biyu da suka wuce.

Abin da ya jawo masa

Wani ɓangare na kuɗin bincikensa na teku daga ƙungiyar kamfanonin man fetur ta Amurka yake fitowa. Kamar yadda ya ba da labari daga baya, bayan maƙalar 1963 wakilan masana'antar sun same shi, suka nuna masa za a ci gaba da ba shi kuɗi idan ya karkata bincikensa wani wajen. Ya ƙi, tallafin ya tsaya. Hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ita ma ba ta sabunta kwantiraginsa ba.

A 1966 ya ba da shaida gaban kwamitin majalisar dattawa da Sanata Edmund Muskie ke jagoranta, inda Kehoe ma ya bayyana. A 1971 aka kafa kwamitin masana na ƙasa kan dalmar da ke cikin iska, aka bar shi a waje, alhali ba wanda ya fi shi sanin awonta. Da aka sa shi cikin wani kwamitin a 1978, ya ga shawarwarin da aka yanke sun yi sanyi, sai ya rubuta nasa rahoton daban mai shafi 78.

Bai daina kawo sababbin hujjoji ba. A 1979 shi da abokan aikinsa suka auna ƙasusuwan mutanen ƙasar Peru da suka rayu shekaru 1,600 da suka wuce, suka ga dalmar ƙasusuwan mutanen yau ta ninka tasu ɗaruruwan sau. A 1980 shi da Dorothy Settle suka nuna cewa kifin gwangwani yana da dalma ninki dubbai na kifin da aka kamo daga teku, saboda dalmar da ake liƙe gwangwanin da ita. A daidai wannan lokaci likitan yara Herbert Needleman ya auna haƙoran da yara ƴan makaranta suka fitar, ya nuna cewa masu dalma da yawa sun fi rauni a gwajin basira da natsuwa a aji, ko da ba su nuna alamar rashin lafiya ba.

Sannu a hankali dokoki suka sauya. Amurka ta yi dokar tsabtace iska a 1970, hukumar kare muhalli ta fitar da tsarin rage dalma a mai a 1973, sababbin motoci na 1975 kuma suka zo da matatar hayaƙi da dalma ke lalatawa. Tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1990, dalmar jinin Amurkawa ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100.

Ƙarshen rayuwarsa da abin da ya rage

Karramawa ta zo masa a makare. An ba shi lambar Goldschmidt ta masana sinadaran ƙasa a 1980, aka zaɓe shi cikin majalisar masana kimiyya ta Amurka a 1987, ya kuma sami kyautar Tyler ta kare muhalli a 1995. An raɗa wa wani tsauni a Antatika sunansa, da wani dutse da ke zagaya rana mai lamba 2511. Ya rasu ranar 5 ga watan Disamba na 1995 a gidansa da ke Sea Ranch a Kalifoniya, sakamakon ciwon asma, yana da shekaru 73. Ya bar matarsa da ƴaƴa huɗu. Ranar 1 ga watan Janairu na 1996, makonni huɗu ba su cika ba da rasuwarsa, haramcin sayar wa motoci mai mai dalma ya fara aiki a Amurka.

Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun amince a Dakar a 2001 cewa za su daina, kuma suka cika alkawarin a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya: tashoshin manta sun sayar da ragowar da suke da ita a watan Yuli na 2021. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wannan mataki yana ceton rayuka fiye da miliyan 1 da dubu 200 a kowace shekara.

Dalma dai ba ta ruɓewa, kuma man fetur ba shi ne kaɗai hanyarta ba. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF sun gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya mai dalma a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai kuma suka buƙaci magani, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Ana kuma samun dalma a tsofaffin batiran mota da ake fasawa a narke a cikin unguwanni, da wasu nau'o'in fenti, da kwallin da ake yi da dutsen dalma ana sa wa jarirai a ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani mizanin dalma a cikin jini da aka san ba ya cutarwa, kuma yara ƙanana da mata masu ciki ne suka fi shiga haɗari.